Jan Itacen Baba Lusiyan

Abdu, Maryama, Hafsatu, akwai wata magana da kuka tashi da ita a gidanmu na Karantina a nan Jidda, wadda ni ban san tana yawo ba sai bayan rasuwar mahaifiyarku. Maryama ce ta faɗa mini a zaman makoki, wai tun kuna ƙanana kun san na taɓa samun hanyar zuwa Faransa koyon sana'a, Ummi ta tare ƙofa ta hana ni. Na tambaye ta wa ya gaya muku haka. Ta ce Ummin ce da bakinta, kuma duk lokacin da za ta faɗa sai ta yi dariya. Allah Ya jiƙan Zainabu, Ya haskaka kabarinta. Ba haka aka yi ba. Tunda yanzu ido ya yi rauni, hannu kuma ya daina riƙe magagari, bari in zauna in ba ku labarin shekarar nan yadda ta kasance.

A lokacin ina aiki a wani ɗan shago a unguwar Bagdadiyya, na kafilina, wato mai ɗauke da nauyin takardun zamana a ƙasar, Ammu Salihu, dattijo mutumin Hadramaut mai ƙarancin magana. Carbi muke yi. Muna yin na abanus, baƙin itacen nan mai nauyi, muna yin na yusur, baƙin murjanin da masu nutso ke cirowa daga Bahar Maliya, mu dasa masa 'yan ƙusoshin azurfa, wani lokaci mu sa masa ido na sadaf, wato cikin ƙumbar teku mai sheƙi. Injin huji ya riga ya shigo gari, amma ni ban sake da shi ba. Da ɗan baka mai tsirkiya nake huda ƙwayoyin, yadda kawuna ya koya mini a Damagaram: ka naɗe tsirkiyar a jikin mahujin, ka riƙa ja kana turawa, shi kuwa yana juyi yana cin itace. Abdu, kai kana da shekara biyar ko shida a lokacin, Maryama tana ciki, Hafsatu kuwa ko labarinta babu.

Wata rana bayan la'asar, irin ranakun da iskar teku ke tsayawa cik, riga ta manne wa mutum a baya, sai na ji inuwa ta rufe mini haske. Na ɗaga kai na ga wani tsohon Bature, siriri, da farar hular kwano, ya tsura wa hannuna ido. Ba carbin yake kallo ba, bakan hujin yake kallo. Ya daɗe a haka, sannan ya yi magana shi kaɗai da Faransanci, ya ce rabonsa da ganin mutum yana huji haka tun rasuwar maigidansa. Ni kuwa na yi lakwal, wato makarantar boko, a Damagaram, Faransancina bai gama tsatsa ba, sai na amsa masa.

"Muse, ai in hannu ya saba da abu, ba ya jin maganar inji."

Ya zabura kamar wanda aka tasa daga barci. Ya nemi wurin zama, na tura masa akwatin da nake ajiye sadaf, ya zauna. Sunansa Lusiyan. 'Yarsa Dokta Elen likita ce a wani asibiti a nan Jidda, ita ta ɗauko shi daga ƙasarsu bayan matarsa ta rasu, don ba mai kula da shi. Ya ce wata da watanni ke nan ba wanda yake magana da shi sai ita, ita ma sai ta dawo aiki a gajiye. Na tambaye shi sana'arsa. Ya ce gobe zai kawo mini in gani.

Washegari ya zo da wani dogon akwati siriri, ya buɗe a hankali yadda ake buɗe zanen jariri. A ciki akwai sanda ja, mai duhun jan goro, ta ɗan lanƙwasa ciki, da farar izgar doki a miƙe daga kanta zuwa gindinta. A gindin akwai ɗan guntun abanus da suke kira dunduniya, da azurfa a bakinsa, da idon sadaf a kowane gefe. Ya ce wannan bakan goge ne, amma na babban gogen Turawa da ake kira biyolonsel, wanda ake zama a rungume shi tsakanin gwiwoyi. Ya ɗora mini a tafin hannu. Bai kai nauyin ƙwai biyu ba, amma da na ɗan motsa shi sai na ji kamar yana da rai, kamar shi ke son ya ja hannuna. Abanus, azurfa, sadaf, duk kayan da nake taɓawa kullum ne, amma ban taɓa zaton za a iya haɗa su su zama haka ba.

Ya ba ni labarin garinsu, wani ƙaramin gari a gabashin Faransa inda rabin mutanen ke yin goge, rabi na yin baka, ƙanƙara tana rufe rufin gidaje rabin shekara. Ya ce yara kan shiga shago tun ba su yi gemu ba, su yi shekaru suna fiƙe sanda kafin a bar su su taɓa kan baka. Ya ce mafi yawan gwanayen garin ba a san sunansu ba, don sun yi wa manyan shaguna aiki ne, aka buga sunan mai shago a jikin sandar. Amma wanda ya san abin, in ya dubi yadda aka sassaƙa kan bakan, zai ce wannan wuƙar wane ce, ko da mai wuƙar ya daɗe a ƙasa. Sannan ya miƙo mini hannuwansa biyu. Rawa suke yi, rawar da ba ta tsayawa.

"Akwai sanda guda da na ajiye tun ina yaron shago," in ji shi. "Itacen Barazil ne, ban taɓa ganin mai kyansa ba. Elen tana kaɗa biyolonsel tun tana yarinya, kuma duk bakan da na yi sai in sayar, in ce mata na gaba ne naki. Yanzu ga sandar, ga ido, babu hannu. Ka ara mini naka."

Da na gaya wa Ammu Salihu, ya ja carbinsa ya ce:

"Kayan kiɗa a shagon tasbaha? Astagfirullah. Amma yammacin Alhamis naka ne, ya Isufu. Ban gani ba, ban ji ba. Shi ke nan."

Haka na fara zuwa gidan Dokta Elen kowace Alhamis, can arewacin gari kusa da teku. A wani ɗaki na bayan gida Baba Lusiyan, don haka na koma kiransa, ya shimfiɗa kayan aikinsa a kan tebur: 'yan ƙananan rabo na fiƙe katako, wasu ba su fi babban yatsa ba, wuƙaƙe, magagarai, da bakan huji irin nawa sak. Bai bar ni na taɓa sandarsa ba sai da na lalata itatuwan banza masu yawa. Ranar da ya ɗauko ta, ya riƙe ta da yatsa biyu kusa da kunnena, ya ƙwanƙwasa. Ta yi wata ƙara siririya mai daɗewa, kamar an taɓa kofin tangaran. Ya ce itace mai kyau tun yana sanda yake waƙa, aikinmu kawai kada mu kashe masa murya. Muka fiƙe ta ta zama mai gefe takwas, muka bi gefunan muna shafewa har ta zama mulmulalla, kauri a gindi, tana sirancewa zuwa wuya. Yakan rufe ido ya bi ta da yatsunsa masu rawa, ya ce nan, cire kamar kaurin numfashi. Garin itacen ja ne, in ya haɗu da gumi sai ya rine hannu. Ta taga ana jin teku tana numfashi, hasken yamma yana shigowa ta cikin jan garin da ke yawo a iska, har wani lokaci in rasa ko a Jidda nake ko a garin nan nasu da ban taɓa gani ba.

A gida kuwa, Hajja Kaltume, kakarku ta wajen uwa, ita ta fara lura da hannuwana.

"Zainabu, zo ki gani, mijinki ya fara ƙunshi. Namiji da lalle, ya satir!"

Da ta ji abin da nake yi, dariyar ta tsaya. Ta ce ita a saninta goge na 'yan bori ne, ba ta taka daga Sudan zuwa ƙasa mai tsarki don surukinta ya zama maƙerin 'yan bori ba. Sai da muka keɓe Zainabu ta kama hannuna ta juya shi, ta shinshina, ta ce yana ƙamshin wani abu kamar barkono da turare. Ta ce in ba ta labari. Na ba ta, na sake ba ta, har ta san sunan kowane sashe na bakan ba tare da ta gan shi ba. A watannin nan na riƙa mafarkin garin ƙanƙara. Ina tafiya a wata unguwa fara fat, kowace taga da fitila, kowace fitila da mutum a sunkuye yana fiƙe jan itace, kuma duk Hausa suke yi mini sannu.

Ranar da ta fi kowace tsoratar da ni ita ce ranar lanƙwasa. Ba a sassaƙa lanƙwasar baka, da wuta ake yin ta. Muka hura gawayi a ɗan kasko, na riƙa juya sandar a kan zafin kaɗan kaɗan, in ta yi laushi in danna ta a gefen tebur. In zafin ya yi kaɗan ta karye, in ya yi yawa ta ƙone, kuma babu wata sandar a duniya. Da muka zo wuya, inda ta fi siranta, hannuna ya ƙi. Na ce masa ba zan iya ba. Bai yi mini faɗa ba. Ya zagayo bayana ya ɗora hannuwansa a kan nawa, sai na ji abin mamaki: da suka sami abin dafawa, rawarsu ta lafa. Muka danna tare. Itacen ya ba da kai a hankali, kamar mutumin da aka daɗe ana lallashi. Daga nan sauran aikin ya zo da sauƙi, don dunduniyar abanus da azurfarta da idon sadaf gidana ne. Sadaf ɗin ma daga akwatina na zaɓo, mai ruwan kore da shuɗi. Shi ya koya mini tace izga, a tsince gashin da ya karkace, a jiƙa, a ɗaure, a cusa a rami da ɗan guntun itace ba tare da gam ba.

Ana cikin haka ya kawo maganar. Ya ce wani tsohon yaronsa ne ke riƙe da shagonsa yanzu, ya yi masa bayanina, ya yarda ya karɓe ni. Shekara huɗu ko biyar, in ji shi, zan zama mai yin baka na gaske. Na dawo gida ƙafata ba ta taɓa ƙasa, amma tun kafin in kai Karantina lissafin ya fara sauko da ni. Zainabu a Jidda aka haife ta, ba ta da fasfo na kowace ƙasa, iƙamarta, wato takardar izinin zama, a rataye take da tawa. Ba za ta iya bina ba, kuma in na fita fitar sallama, zamanta ma sai an yi ta faman nema masa madogara. Ga ciki ya tsufa. Na faɗa mata ina jiran kuka. Sai ta ce:

"Yalla, ka tafi, Abu Abdu. Ammu Salihu ba zai bari a kore mu ba, ni zan je in same shi da kaina. Tun da na aure ka ban taɓa ganin fuskarka kamar ta ranar Alhamis ba."

Kuma ta je ta same shi, ya yi alkawarin zai tsaya mata. Hajja ta yi fushi, ta ce 'yarta ta haukace. Zainabu ba ta saurara ba. Ta ja ni har kasuwar gwanjo ta wajen Khumra, da cikinta, ta tono wata ƙatuwar kwat ta ulu mai kai wa gwiwa, ta sa ni na saka a tsakiyar rana. Gumi yana zuba, masu shaguna suna leƙowa, ita kuwa ta dafa tebur tana dariya har da hawaye, tana cewa wallahi na zama Khawaja, wato Bature. Wannan ce matar da aka ce ta tare ƙofa.

Sai ranar da bakan ya kammala. Baba Lusiyan ya sa farar riga, ya kira Dokta Elen zuwa falo, ya miƙa mata. Ta karɓa ta duba, ta yi masa godiya, irin godiyar da ake yi wa baƙon da ya kawo tsaraba. Shi kuwa sai ya shiga yi mata bayanin nauyin sandar. Ta rufe tagogi, ta ɗauko babban gogen, ta shafa wa izgar ƙaro, ta ja. Ban taɓa jin irin wannan murya ba. Ba daga kunne take shiga ba, daga ƙirji take tasowa, kamar muryar dattijo mai karatun asuba a ɗakin da ke bayan naka. Na ga Damagaram, na ga duwatsunta da yamma, na ga mahaifiyata tana tankaɗe. Can na waiga wajen Baba Lusiyan. 'Yarsa tana kaɗawa hawaye na bin kumatunta, shi kuwa idonsa yana kan sandar, yana bin ta sama da ƙasa, yana duba yadda take lanƙwasa. Bai ga hawayen ba. Na ji tausayinsa, sai kuma na lura ni ma kafin in waiga, sandar nake kallo. A nan na tuna, Abdu, da safen ranar ka zo kana nuna mini haƙorinka na farko da ya fita, a tafin hannunka, na ce maka to, to, ina tunanin izga. Ban ma duba ba.

Ba Faransa na ji tsoro ba, ba kuma ƙanƙara ba. Na san kaina ne a ranar. Na san in na tafi zan iya aikin, zan iya shi sosai, kuma shekara biyar za ta zama goma, kullum ina cewa na gaba ne na ƙarshe. Ban ce kowane mai sana'a haka yake ba. Ni dai haka nake.

Da na gaya wa Baba Lusiyan ba zan tafi ba, ya juya mini baya yana jera wuƙaƙensa.

"Ka koma ka huda duwatsunka," in ji shi. "Allah Yana ba da hannu ga wanda bai san abin da zai yi da shi ba."

Ban ƙara jin wata magana mai tsawo daga bakinsa ba. Kafin shekara ta zagayo ya matsa wa 'yarsa ta mayar da shi garinsu, can ya rasu. Ni kuwa na koma kan carbi har ƙarfina ya ƙare, kuma da shi na ciyar da ku. Ba zan yi muku ƙarya in ce abin bai ci ni ba. Shekaru da yawa in Alhamis ta yi, tafin hannuna yakan yi ƙaiƙayi, in rasa inda zan sa kaina, in fita in yi ta tafiya a bakin teku. Kun sha tambayar Ummi me ya sa Abuya ba ya magana ranar Alhamis. Ina jin a nan ta ƙirƙiro labarin tare ƙofa, don kada ɗayanku ya taɓa zaton shi ne nauyin da ya hana ubansa tashi. Ta gwammace ta ɗauka ita kaɗai, ta kuma mayar da shi abin dariya.

Amma a lokacin ba dariya ta yi ba. Da na faɗa mata na fasa, ta ajiye tukunyar da ke hannunta, ta ce ita ba ta roƙe ni in zauna ba, kuma kada in kuskura wata rana in dube ta da idon wanda aka ci bashinsa. Kwanaki ba ta yi mini magana ba sai abin da ya zama dole. Hajja kaɗai ke murna a gidan. Rannan da hantsi ina shirin fita sai Zainabu ta tsaya a gabana da abayarta a hannu.

"Ka kai ni in ji abin nan. Ina so in san da me aka auna ni."

Dokta Elen ta karɓe mu wata Juma'a da yamma. Baba Lusiyan bai fito ba. Zainabu ta zauna a bakin kujera, ta ƙi jingina, ta haɗa hannuwa a kan cikinta. Aka rufe tagogi. Da bakan ya sauka a kan tsirkiya mafi kauri, sai na ga ta zabura ta dafe ciki, ta dube ni da ido waje. Maryama, ke ce kika motsa. Daga nan ba ta ƙara kallona ba. Ta jingina a hankali, ta lumshe ido, mayafinta ya zame bai dame ta ba, ta zauna haka har aka gama, har muryar ta bi bango ta ɓace. Dokta Elen ta miƙo mata bakan. Ta goge hannunta a jikin abaya kafin ta karɓa, ta bi shi da yatsa tun daga kai har idon sadaf, tana kiran sunan kowane sashe a hankali yadda na koya mata.

Muka fito muka tsaya a bakin titi muna jiran motar da za ta kai mu Karantina. Rana tana faɗawa cikin teku, an fara kiran magariba daga masallatai nesa da kusa. Sai da motar ta tsaya, na buɗe wa Zainabu ƙofa, sannan ta juyo.

"Abu Abdu, kai mahaukaci ne. Wallahil azim, da ni ce, da na tafi."

Ta shiga ta zauna, ta kama bakin hannun rigata ta cikin abaya inda ba mai gani, ba ta sake shi ba har ƙofar gida.